Me Ya Sa Muryar Tsohuwar Oba-obata Ke Fita A Shaƙe?

Wani mai sauraronmu daga Bazaga, kusa da Birnin Konni, ya ce yana da tsohuwar oba-oba ƙirar Yaesu FT-101, kuma abokan maganarsa na kukan muryarsa na isa gare su a shaƙe.

To Malam, wannan na'ura ta Japan tun shekarun 1970 aka fara ƙera ta, dole tsufa ya nuna. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: sassauta maɓallin ƙarfin makirfo. Mutane kan murɗa shi har ƙarshe don a ji su daga nesa, sai muryar ta fashe. Daga nan ka goge bakin filogin makirfon, ƙurar hunturu kan maƙale a wurin.

Duba wayar da ka binne a ƙasa ma. Idan ƙasar ta bushe ƙamas, siginar kan komo cikin makirfo ta dagula sauti, don haka ka riƙa jiƙa gindin ƙarfen da aka haɗa wayar da shi.

In kuwa ana jin gurnani ƙarƙashin muryarka, galibi kafasitoci ne zafi ya busar. Kada ka buɗe da kanka, akwai wutar da ta kai volt 600 a ciki, tana iya zama ko bayan an kashe na'urar. Kai wa gwanin gyara a Konni.