Kayan Aiki a Matsayin Hali: Nazarin Surar Ƙagaggun Taurari a Zanen Gamin-gambiza

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala, zanen gamin-gambiza na nufin hoton da aka haɗa da kaya fiye da iri ɗaya, kamar fenti da tawada da ƙyalle da katako da yankakkun takardu. A Turai akan danganta bunƙasarsa da shekarar 1912, lokacin da Picasso ya manna leda mai zanen saƙar kujera a jikin hoto ya kewaye shi da igiya. Abin da maƙalar ta sa gaba shi ne matsalar mai zanen da zai fito da fuskar wanda bai taɓa rayuwa ba. Mai zana sarki yana da sarki a gabansa. Mai zana dodo kuwa ba shi da abin dubawa, don haka kayan da ya zaɓa su ne ke ɗaukar nauyin bayyana halin tauraron.

2.0 Misalin Oshogbo

Twins Seven-Seven (1944–2011) makaɗi ne kuma ɗan rawa kafin ya shiga taron koyon zane da Georgina Beier ta gudanar a Oshogbo a 1964. Taurarinsa fatalwowi ne da iskoki da dabbobin tatsuniyoyin Yarabawa, irin duniyar da Amos Tutuola ya rubuta a kanta. Dabararsa da ta fi shahara ita ce yanka siffa daga fallen katako ya ɗora ta a kan wani fallen, har hoton ya yi tudu, sannan ya bi ko'ina da ƙananan zane-zanen tawada ba tare da ya bar fili ba. Wannan tudu ba ado ba ne kawai. Yana sa halittar ta zama kamar tana ƙoƙarin fitowa daga allon, cikar zanen kuma tana hana ido rarrabe inda jikinta ya ƙare da inda daji ya fara. Iska dai ba a san iyakarta ba, dabarar kuma ta faɗi hakan ba tare da kalma ba.

Jimoh Buraimoh, wanda ya halarci taron guda, ya ɗauko duwatsun ado irin na kambin sarakunan Yarabawa yana mannawa a allo. Duk fuskar da aka yi da su takan zo da ƙwarjinin sarauta, ko da ta tsuntsu ce.

A wajen Nijeriya, Wangechi Mutu, haifaffiyar Nairobi a 1972, tana yanko leɓe da ido daga mujallun ado, gaɓoɓi daga littattafan likitanci, ta haɗa da sassan dabba da na inji. A gurinta tabon almakashi shi ne saƙon, domin mai kallo yana ganin cewa ƙera macen aka yi daga abin da wasu suka buga game da mata.

3.0 Gizo da Matsalar Sura

A nan ne batun ya shafi manazarcin Hausa. Tatsuniya ba ta taɓa tsayar wa Gizo sura ɗaya ba. Yana noma, yana aure, yana zuwa fada, sai kuma a ji ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Mai sauraro yana riƙe da mutum da ƙwaro a lokaci guda, bai kuma ga wani saɓani ba. Da zarar an ɗauki fensir, sai a tilasta wa mai zane ya zaɓa: ko gizo-gizo mai ƙafa takwas, ko mutum mai hula. Kowanne ya zaɓa ya yanke rabin tauraron, yaron da ya fara ganin hoton kafin ya ji labarin kuwa da wannan rabin zai girma. Ƙoƙi ma haka take.

Gamin-gambiza yana sassauta wannan tilas. Ana iya yin gangar jiki da guntun saƙi, ƙafafu da zare ko kara, fuska da sakaina, ta yadda riga za ta ce mutum ne, gaɓoɓi su ƙaryata ta. Wannan ruɗu ya dace da mayaudari. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin yaran tashe sun daɗe suna ƙaga tsoho da gemun auduga da tsummoki da sanda, kowa yana ganin audugar yana kuma karɓar tsohon. Abin mamaki shi ne yadda nazarin tashe ya fi karkata ga waƙa da aikatawa, ya bar kayan shigar a matsayin bayani na gefe.

Sai dai akwai abin da allo ba ya ɗauka cikin sauƙi. Babbar alamar Gizo ita ce tsamin bakinsa, wanda a kunne yake rayuwa. Mai zane zai iya karkatar da leɓe ko ya ɗinke shi da zare mai kauri, amma wanda bai taɓa jin mai tatsuniya tana kwaikwayon muryar ba zai ɗauka rauni ne kawai aka yi wa fuskar.