Aski da Saisaye a Aikin Hajji da Umra

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa maniyyata, ku sani cire gashin kai ibada ne daga cikin wajiban Hajji da Umra. Hanyarsa biyu ce: aski da aska, ko saisaye da almakashi. Allah Maɗaukaki ya ambaci duka biyun a Suratul Fathi, aya ta 27.

Na farko: ga namiji aski ya fi falala. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa masu aski gafara sau uku, masu saisaye kuwa sau ɗaya. Shi kansa aski ya yi a Mina, a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, ya kuma fara da ɓangaren dama.

Na biyu: saisaye ya wadatar, da sharaɗin ya game kan duka, kamar yadda yake a mazhabar Imamu Malik. Wanda ya tsakuri ƴan silla gaba da baya a bakin Marwa, ya tuɓe haraminsa, bai sauke wajibi ba. Injin aski kuma, idan ya bar tushen gashi, saisaye ne.

Na uku: mace ba ta aski. Sai ta tattara gashinta, ta yanke gwargwadon gaɓar yatsa.

Na huɗu: mai tamattu'i da ya gama Umra dab da Hajji, ya fi kyau ya yi saisaye, domin ya bar wa aska abin da za ta ɗauka ranar 10 ga Zulhajji. Maras gashi kuwa sai ya bi kansa da aska.

Na biyar: a kiyaye jeri. Wanda ya yi aski kafin jifan Jamratul Aƙaba, fidiya ta hau kansa. Wanda ya bar shi har ya dawo gida, hadaya ta wajaba a kansa.

Daga ƙarshe, aska tana fid da jini, kuma ta jini ake ɗaukar ciwon hanta da sida. Kada kowa ya miƙa kansa ga wanzami sai ya ga an buɗe sabuwar reza a gabansa. Neman falala ba ya halatta cutar da kai.

Allah ya ba mu Hajji karɓaɓɓe, amin. Allah ne mafi sani.