Amsar Tambaya: Rashin Natsuwar Yaro, Gado Ne Ko Tarbiyya?

Larurar da likitoci ke kira ADHD, wato yawan ƙiriniya da kasa tsayar da hankali wuri guda, tana da tushe mai ƙarfi a gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara a wannan hali daga ƙwayoyin halitta yake fitowa. Ba ƙwaya guda ce ke haddasa ta ba. A 2019 masana sun gano wurare 12 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ita, a 2023 suka kai 27, kowanne tasirinsa ƙanƙani ne. Saboda haka babu gwajin jinin da ke tabbatar da ita. Galibin waɗanda aka bincika kuwa 'yan asalin Turai ne, giɓin da ya kamata a cike.

Ga uwar da ta rubuto wannan tambaya daga Birnin Gwari: duka ba ya magance wannan, kuma ba laifin tarbiyyarta ba ne. Sai dai kafin a ɗora wa gado laifi, a duba firgicin hare-haren yankin dajin Kamuku, da rashin barci, da matsalar ji. Inda ake niƙan duwatsun zinariya a gida, a tuna da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, domin tana lalata hankalin yaro.

Likita na tabbatar da larurar idan alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata shida, a gida da makaranta. Ana duba irin waɗannan yara a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna.