Gyaran Daɓen Katako: Guga da Rini

Darasi domin masu gida da kafintoci

A ƙasarmu an fi sanin daɓen ƙasa, wanda mata ke bugawa da madaɓi su zuba masa ruwan makuba, sai kuma na siminti da na tayil da suka zo daga baya. Amma akwai daɓen katako, ko da ya ke ba shi da yawa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin shekarar 1911, katakon da a ke yankowa a dazuzzukan kudu ya sami hanyar zuwa Arewa, aka shimfiɗa shi a benayen kantuna, da gidajen ma'aikata, da matakalai, da manyan ɗakunan taro na waɗansu makarantu. Har yanzu a kan tarar da shi a tsofaffin gine-gine na garuruwa irin su Kaduna da Jos da Zariya da Kano.

Idan aka zo gyaran irin waɗannan gidaje, sau da yawa mai gida ya kan ga katakon ya yi baƙi ya yi kaushi, sai ya ce a ɓamɓare a zuba siminti. Wannan kuwa hasara ce babba. Katakon nan ya kan kasance na loko, ko na dangin maɗaci, ko wanda a ke kira safele da sunan garin nan na kudu, itatuwa ne da suka daɗe kafin su isa sara, kuma irinsu sai ƙara wuya ya ke yi. Ga maɗobiya ma, saboda yawan saranta, tun shekarar 2017 an sa ta cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Dattin da ka ke gani a sama ya ke. In aka goge abin da bai wuce milimita 1 ko 2 ba, sai sabon katako ya bayyana.

Bambancin fenti da rini

Lalle ne mai karatu ya gane wannan tun da fari, gama dukan darasin a kansa ya tsaya. Fenti zama ya ke yi a bisa katako ya rufe shi, kamar farar ƙasa a jikin bango. Rinin katako kuwa shiga ya ke yi cikin jiki, kamar yadda shuni ke shiga zane a marina. Saboda haka rini ba ya ɓoye aibi. Duk inda aka bar ƙarce ko rami, nan zai taru ya yi duhu, abin da ido bai gani ba da safe ya fito fili da yamma. Inda kuwa aka bar ragowar tsohon mai, rini ba zai kama ba, sai wurin ya zama dabbare-dabbare. Watau mafi yawan aikin ya kan ƙare tun kafin a buɗe gwangwanin rini.

1. Dubawa kafin a fara

Da farko ka tabbata katako ne na gaske. A zamanin nan ana sayar da wata shimfiɗa mai kama da katako, wadda hoton katako ne kawai aka manna a bisa matsattsen gari. Irin wannan ba a goge ta, in an goga hoton ya tafi ke nan.

Na biyu, ka nemi gara. Bi katakon ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da guduma. Wanda ya yi amo kamar ganga, ko tsinin wuƙa ya nutse cikinsa, an cinye shi daga ciki, tilas a cire a sa wani. Ƙananan huji masu zubar da gari kuwa aikin ƙwaro ne. A kira wanda ya san aiki ya sa magani tukuna. Kada a shafa baƙin man mota kamar yadda waɗansu ke yi wa katakon rufi, domin warinsa ba ya fita daga ɗaki, kuma ba abin da zai sake kama katakon.

Na uku, ka nemi laima. Baƙin tabo kewaye da kan ƙusa alama ce ruwa yana taɓa wurin. A toshe yoyon rufi ko na famfo, a buɗe kafofin iska na ƙarƙashin daɓe in sun toshe, a bar katako ya bushe sarai.

Na huɗu, ka duba kaurin da ya rage. Katakon da a ke sarƙa bakin wani cikin na wani, in an sha goge shi a da har ya kusa kai ga mahaɗin, ba zai ɗauki babban inji ba, sai gugar hannu.

2. Zaɓen lokaci

Katako yana shan laima daga iska ya kumbura, yana kuma sakinta ya tsuke. Shi ya sa ƙofar da ke cijewa da damina ta kan yi sako-sako da rani. Da damina rini da banish su kan daɗe ba su bushe ba. Da hunturu ƙura ke sauka a bisa ɗanyen shafi ta manne, ya yi kaushi. Da bazara kuwa zafi ke busar da shi tun buroshi bai gama wucewa ba, sai sawunsa ya zauna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa, kafin iskar hunturu ta taso. In tilas ta sa an yi a wani lokaci, a yi shafi da sassafe, a rataya jiƙaƙƙen ƙyalle a taga domin tare ƙura.

3. Shiri

A fitar da kaya duka, har labule. A danna kowace ƙusa ta nutse kamar milimita 3 ƙasa da fuskar katako, gama kan ƙusa ɗaya ya isa ya yaga samfefa, ya kuma tayar da tartsatsi cikin garin katako. A ƙarfafa katakon da ke motsi. Ƙananan katakon nan da a ke jerawa kamar saƙar tabarma, waɗanda suka ɓalle a kankare bayansu a sake manna su.

Game da tazarar da ke tsakanin katako da katako, a yi hankali. Siririyar tazara a bar ta, wurin numfashin katako ne, da damina za ta rufe da kanta. In ka cika ta da abu mai tauri da rani, da katako ya kumbura zai tofar da shi, ko ya gantsare. Babbar tazara ita a ke sa wa siririn katako da gam. Haka kuma tazarar da aka bari a gindin bango, wajen milimita 10, da gangan aka bar ta, kada a cika ta da siminti. Ramukan ƙusa kuwa a kan cika su da garin katakon nan kansa da aka kwaɓa da abin haɗi. Amma a sani, gam ba ya shan rini, duk inda ya ɗiga a kankare shi.

4. Guga

Samfefa tana da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. A fara da lamba 40 domin cire tsohon shafi da daidaita tudu da kwari, sa'an nan 60, sa'an nan 80, a ƙare da 100 ko 120. Aikin kowace lamba shi ne share ƙarcen da ta gabanta ta bari. Wanda ya yi tsalle daga 40 zuwa 100 domin tsimin kuɗi, ƙarcen 40 yana nan, rini zai tona shi. Sauri ya haifi nawa. Kada kuma a wuce 120 kafin rini, domin fuskar katako ta kan yi sulɓi har ta ƙi shan launi sosai.

Ga dokokin guga:

(a) A bi jijiyar katako, watau tsawonsa. In katakon ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, a yi zagayen farko a karkace, sauran duka a bi tsawo.

(b) Kada babban inji ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa. Cikin ƙiftawar ido zai haƙa rami. A sauke shi ana tafiya, a ɗaga shi ana tafiya.

(c) Gefen bango da kusurwa, inda babban inji ba ya kai, a bi su da ƙaramin inji ko da hannu, da lambobin nan duka, domin kada gefe ya bambanta da tsakiya.

(d) Mai gugar hannu ya naɗe samfefa a jikin guntun katako mai leɓur. Yatsu kaɗai rami su ke yi.

(e) A share ɗaki tas bayan kowace lamba, domin tsakuwar samfefa mai kaushi da ta zube za ta ɓata aikin mai laushi.

Akwai dabara biyu na gane ko guga ta yi. Ka zazzana fensir a bisa daɓen kafin kowane zagaye, inda zanen ya rage inji bai taɓa wurin ba. In an gama kuma, ka rufe taga, ka kwantar da tocila a ƙasa. Hasken da ya zo ta gefe zai nuna maka duk ƙarcen da ya saura.

5. Rini

Ba kowane katako ke bukatar rini ba. Loko in an goge shi ya kan fito rawaya-rawaya, amma da kansa ya ke komawa ruwan ƙasa in ya sha haske. Maɗaci ma jansa ya ishe shi ado. Farin katako mai laushi shi ya fi neman rini, shi ne kuma ya fi wuyar rinawa, gama wani wuri ya fi wani sha. Saboda haka a gwada tukuna a lungun da gado ko kabad zai rufe, a sa masa banish, a duba shi da rana. A tuna, ana iya ƙara duhu, amma rage shi sai an sake guga.

In gwangwani ya fi ɗaya, a juye su cikin bokiti guda a motsa, domin launi ya zama ɗaya. A fara daga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. A ɗauki katako biyu ko uku, a shafe su daga bango zuwa bango da tsumma ko buroshi, ba tsayawa a tsakiya, gama inda busasshe ya haɗu da ɗanye layi ya kan fito. Bayan 'yan mintoci, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwani, a goge rarar da tsumma mai tsabta. Abin da katako bai sha ba, in aka bar shi, danƙo zai yi. Aikin ya fi kyau da mutum biyu, ɗaya na shafawa, ɗaya na gogewa. A bar shi ya kwana ya wuni.

6. Banish

Rini launi ne kawai, ba ya tsare katako daga ruwa ko takalmi. Wannan aikin banish ne. Iri biyu ne a kasuwa. Na mai ya fi wari, ya kan so kwana guda tsakanin shafi da shafi, kuma yana ƙara wa katako ja. Na ruwa ya kan bushe cikin sa'o'i kaɗan, launinsa garau. A sayi wanda aka yi domin daɓe, wanda kuma ya dace da rinin da aka sa. Loko yana da maiƙo a jikinsa mai hana shafi kamawa, a goge shi da tsumma mai ɗan tina kafin shafin farko.

A yi shafi uku marasa kauri. Tsakanin shafi da shafi a ɗan bi shi da samfefa lamba 220, da hannu, a share ƙurar. Kada a girgiza gwangwani, a motsa shi da sanda, domin kumfa. Kada a mai da kaya masu nauyi sai bayan kwana 3, darduma kuwa sai bayan mako 2 ko fiye.

Ga misalin lissafi. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, murabba'in mita 16 ke nan. Shafi uku ya zama 48. In lita 1 tana shafe murabba'in mita 12, ana bukatar lita 4. A ƙara lita 1, domin shafin farko ya fi sha.

7. Tsare lafiya

Ƙurar katako cuta ce. Cikin shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanci ga masu daɗewa suna shaƙarta. Ta loko kuma tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. A sa takunkumin ƙura na gaske, rawani ko hankici bai isa ba.

Tsohon fenti ya kan ƙunshi dalma. Mutanen Arewa sun san sharrin wannan guba: cikin 2010 ƙurar duwatsun zinariya masu dalma, da a ke niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Daɓen da ke da tsohon fenti kada a goge shi a bushe sai an gwada an tabbata ba dalma. Yara da mata masu ciki su ƙaurace wa wurin har a gama a wanke.

Tsumman da ya sha rinin mai ko man linsid, in aka dunƙule shi aka jefar, ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta cikin dare. A shanya shi a waje ɗaya ɗaya, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa. Garin da inji ya tara ma a zubar da shi nesa da gida kowace yamma. Ba shan taba, ba murhu, ba fitilar kananzir kusa da tina. Janareta kuwa a waje a ke ajiye shi, nesa da taga, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warin gubar ba.

8. Bayan gyara

Yashi shi ne babban abokin gaban daɓen katako, domin a ƙarƙashin takalmi samfefa ne. A sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa shara kullum. A goge da tsumma matsattse, kada a kwara ruwa kamar yadda a ke yi wa siminti. In hanyar da aka fi bi ta fara dusashewa, a ɗan goga a ƙara shafi ɗaya tun katako bai bayyana ba. Wanda ya yi haka ya daɗe bai sake kiran inji ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fenti da rinin katako?
2. Don me ba a cika siririyar tazara da rani?
3. Jera lambobin samfefa yadda a ke bin su.
4. Lita nawa ta banish ɗaki mai mita 6 da mita 4 zai ci a shafi uku?
5. Yaya a ke yi da tsumman da ya sha mai?

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa kafintansa, ya kuma miƙa wa maƙwabci. Allah ya ba da sa'a.