Zuciya Ɗaya Ta Isa?

Mai karatu, ka sha jin ana cewa, "Kowace majami'a ka shiga duk ɗaya ne, in dai ka ba da gaskiya da zuciya ɗaya." Bari mu auna wannan magana.

Mutum ya zo tashar Maradi za shi Damagaram, ya shiga motar Birnin Ƙonni bai sani ba. Ya biya kuɗi, hankalinsa kwance. Ko ya rantse hanyar ke nan, ba zai ga Tasawa ba, balle Damagaram. Niyyarsa ba ta juya mota.

Haka Shawulu. Da zuciya ɗaya ya tsananta wa masu bi, yana tsammani Allah yake yi wa aiki, sai da Yesu ya tare shi a hanyar Dimashƙu (Ayyukan Manzanni 9). Karniliyus kuwa mai sadaka ne, mai addu'a, duk da haka sai da aka aiko masa Bitrus da bishara (sura 10).

To, sunan majami'a fa? Suna ba ya ceto. Bulus ya tsauta wa Korantiyawa da suka rarrabu, wasu nasa, wasu na Afolos. Abin da ake koyarwa a ciki shi ne abin dubawa. In an ce aikinka ko kuɗinka za su saya maka gafara, wannan ba bisharar Almasihu ba ce, ko da ginin ya cika maƙil.

Mutanen Biriya sun saurari Bulus da murna, amma kullum sai sun gwada maganarsa da Littattafai (sura 17). Ran Lahadi ka tafi da Littafi Mai Tsarki naka, ka buɗe inda mai wa'azi ya karanta, ka duba da idonka.