Ranar da na ga jerin gwanon Nowel a Monreyal

A shekarar 2017 aka tura ni ƙaro ilimin koyarwa a Monreyal, wani babban birni na ƙasar Kanada. Birnin yana cikin jihar Kebek, inda yawancin mutane suke jin Faransanci. Kanada tana aiki da harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, kamar yadda ku ma kuke karatu da Hausa da Faransanci.

Da watan Nuwamba ya kama, sai sanyi ya sauko. Ba irin na hunturunmu ba ne. Ruwan da ya kwana waje yakan daskare ya zama ƙanƙara. Kafin ƙarfe biyar na marece rana ta faɗi. In na taso daga lakwal sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Ban san kowa ba, kowa bai san ni ba. Kewar gida ta dame ni, har na fara tunanin in bar karatun in koma.

Wata Asabar da safe maƙwabciyata ta buga mini ƙofa, tana riƙe da hannun ɗanta, ɗan shekara biyar. Ta ce: «Mushe, yau ne jerin gwanon Nowel. Zo mu tafi.» Na ce mata ni Musulmi ne. Ta ce: «Ba coci za mu ba, titi za mu. Titi kuwa na kowa ne.» Na yi shiru kaɗan, sannan na sa babbar rigar sanyi da hula da safar hannu. Muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, muka fito kusa da titin Sant-Katirin.

Mutane sun cika titi dama da hagu. An hana motoci wucewa. Da farko masu ganguna da masu busa suka wuce, suna taka ƙafa tare. Bayansu ƴan rawa. Sai manyan motoci da aka yi wa ado, wata kamar gida, wata kamar dutsen ƙanƙara. Nan take na tuna da hawan salla a Damagaram, yadda muke tsayawa bakin hanya muna jiran Sarki ya fito.

Can sai yaron ya fashe da kuka. Manya sun tare masa gaba, ba ya ganin kome sai bayan riguna. Uwarsa ta ɗaga shi, amma ba ta da tsawo. Na ce: «Kawo shi nan.» Na aza shi bisa kafaɗata, kamar yadda babana yake yi mini ran salla. Ya riƙe hulata gam, yana gaya mini sunan duk abin da ya wuce. Ni na ba shi tsawo, shi ya ba ni bayani.

A ƙarshe wanda ake jira ya iso. Sunansa Per Nowel, wato Baba Nowel: tsoho mai farin gemu da jajayen tufafi. Ana gaya wa yara cewa shi ke kawo musu kyauta da dare, cikin keken da ke sulɓi bisa ƙanƙara, wasu dabbobi masu kama da barewa suna ja. Wannan tatsuniya ce, mutum ne ya sa kayan. Amma tana da tushe. A ƙarni na 4 an yi wani shugaban Kirista mai suna Nikola a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, wanda ya yi suna wajen taimakon matalauta.

Ita Nowel, ran 25 ga Disamba ake yin ta. Kirista suna tunawa da haihuwar Annabi Isa. To, don me ake jerin gwano tun Nuwamba? Saboda ƴan kasuwa ne suka faro shi. Wani babban kanti mai suna Eaton ya shirya na farko a Toronto a 1905, sannan a Monreyal a 1925, don iyaye su zo sayen kyautar yara tun da wuri. Kantin ya rufe, amma bikin ya zama na gari.

Da muka koma, ƙafafuna sun sandare don sanyi. Na yi alwala da ruwan ɗumi, na yi sallar azahar. Daga ranar, duk inda yaron ya hange ni sai ya rugo ya gaishe ni. Ban koma gida ba sai da na ƙare karatuna. Ran ƙaramar salla ni ma na dafa shinkafa da miya, na buga musu ƙofa.

Ma'anar kalmomi

Jerin gwano: tafiyar mutane cikin layi, wasu bayan wasu.
Daskare: ruwa ya yi tauri saboda sanyi.
Ƙarni: shekara ɗari.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Monreyal take? Waɗanne harsuna ƙasar take aiki da su?
2. Me ya sa malamin ya so ya bar karatunsa?
3. Me malamin ya yi wa yaron? Me yaron ya yi masa?
4. Su wa suka faro jerin gwanon, kuma don me?
5. Shekara nawa ne tsakanin na farko a Toronto da na farko a Monreyal?

Aiki

An kawo baƙon ɗalibi ajinku, bai san kowa ba, ga salla ta matso. Rubuta layi biyar cikin kayenka, ka faɗi abin da za ka yi masa.