Darasin Lafiya: Makon Sassauci Ga Masu Ɗaga Nauyi

Da yawa daga cikin samarinmu da suka gangaro Tamale neman abin yi, a kasuwar Aboabo suke wuni. Tun asuba suna sauke buhunan masara da gyaɗa daga manyan motoci, wasu na tura amalanke, mata kuma na dakon kaya a ka. Da yamma sai wasu samarin su haɗu a bayan gida, inda aka zuba siminti cikin gwangwanaye biyu aka soke su da sandar ƙarfe, su yi ta ɗagawa har magariba. Idan muka tambaye su dalili, amsar kusan ɗaya ce: sai sun gaji liƙis tunanin gida da abin da suka baro yake barinsu su yi barci.

Ba mu ga laifinsu ba. Motsa jiki yana rage damuwa. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Sai dai wanda ya wuni ƙarƙashin buhu ya riga ya wuce wannan tun kafin Laraba.

Ba lokacin ɗagawa tsoka take ƙara ƙarfi ba. Nauyi yana ɗan yayyaga ta ne, sai ta ɗinke kanta lokacin hutu, kuma ɗinkin yakan ɗauki kamar kwana biyu, in an samu barci da abinci. Damuwa ma kaya ce a wurin jiki. Mai fargaba jikinsa yana yawan sakin wani sinadari da ake kira kotizol, wanda idan ya daɗe da yawa yakan ɓata barci ya jinkirta warkewa. To a haɗa wannan da ɗaki mai cunkoso, da abincin da bai isa ba, da zafin Tamale na watan Maris da Afrilu da kan kai digiri 40. Jikin da ke ɗauke da duk wannan, in aka ƙara masa siminti kowace yamma, raguwa zai yi.

Yana nuna alama kafin ya kwanta. Nauyin da ka saba ɗagawa ya fara gagararka. Ciwon gaɓoɓi ya wuce kwana uku bai tafi ba. Ga gajiya amma barci ya ƙi zuwa. Abu kaɗan sai faɗa, har da yara. Sau da yawa uwargida ko mahaifiya ce ke fara lura, saboda haka a saurare su.

Idan an ga biyu ko uku daga cikin waɗannan, muna ba da shawarar mako ɗaya na sassauci. Mun san mai dako ba zai iya ajiye aiki ba, don da shi ake ci. Ƙarfen yamma ne za a ajiye, ko a rage shi zuwa rabi. A kasuwa kuma mutum biyu su kama buhu ɗaya wajen ɗorawa, a lanƙwasa gwiwa, kada a sunkuya da baya.

A madadin ƙarfen, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 bayan la'asar, tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da haki ba. In an dawo a shimfiɗa tabarma. A kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a riƙe, a ƙirga 20, a canza ɗayar. Sannan a durƙusa bisa hannu da gwiwa, a ɗaga tsakiyar baya sama a hankali, a sauke, sau goma. Mata masu dako a ka su zauna su karkata kunne zuwa kafaɗa, dama da hagu, ba tare da fizga ba. Miƙa ya kamata a ji, in zafi aka ji a tsaya. A ƙarasa da numfashi: a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida, na minti biyar. Fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, shi ya sa ya fi amfani dab da kwanciya. Tsofaffi da yara duk za su iya shiga.

Kada a rufe ciwo da taramol don a ci gaba da aiki. Ƙwayar tana ɓoye zafin ne kawai, raunin na nan yana ƙaruwa, ga sabo, ga farfaɗiya da takan jawo.

Wasu alamun ba na jiran mako ba ne: fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, kumburi a matsematsi mai zafi da ya ƙi komawa, ciwon ƙirji, ko ƙafa ta mutu bayan ciwon baya. A tafi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tamale ranar, a riƙe katin inshorar lafiya, ko a kira 112. Wanda kuma mafarkin abin da ya faru a gida ke tashinsa, ya yi magana da ma'aikatan lafiyarmu, ana yin hirar a asirce.

Bayan makon, in barci ya daidaita, a koma ƙarfen da rabin nauyi, kwana biyu kawai a mako, a bar kwana biyu tsakaninsu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.